Je Ka Sha Ka Dawo

Ranar Talatar makon jiya na nemi izinin shugaban makarantarmu, na bar wa 'yan aji huɗu aikin lissafi, na raka ƙanin matata sabuwar cibiyar taimakon masu shan ƙwaya. Mun dawo gida da takardar da ta ce lafiyarsa ƙalau, kuma tun da nake ban taɓa ganin labari mai daɗi ya sa mutum gumi haka ba.

Bari in bi abin daki-daki, yadda nake yi wa yara. Surukin nawa magini ne, mai 'ya'ya uku. Shekara biyu da suka wuce ya faɗo daga tsani da bulo a kafaɗa, bayansa ya riƙe, aka rubuta masa tiramol na mako biyu. Mako biyun nan ne suka ƙi ƙarewa. Daga ƙwaya ɗaya da safe ya koma uku, daga uku ya kai ba ya iya ɗaga kwanon siminti sai ya haɗiya. Ranar da ya gina katanga ta karkace, mai gida ya sa ya rushe ta a gaban leburori, ya yanke wa kansa hukuncin daina sha. Kwana tara ya yi a ɗakin baƙinmu yana rawar sanyi yana amai, yayarsa tana dafa masa ruwan zafi tana yi masa faɗa a lokaci guda. A na taran ya ce, "Yaya Malam, ƙarfina ya kusa ƙarewa. Kai ni wurin nan da ake faɗa a rediyo."

Gaskiya a yaba wa shugabanmu, Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle. Sau biyu ya buɗe cibiyar nan, sau ɗaya kafin a yi rufi, sau ɗaya bayan an yi. Allon da ke bakin ƙofa ya fi ƙofar girma. Kujeru arba'in na ƙirga a ɗakin jira, duk da ledarsu, don kada marasa lafiya su ɓata su.

Akawu ya ba mu fom mai shafi shida, na cike da rubutuna mai kyau. Aka ɗauki fitsarin Magini, muka jira awa biyu, sannan akawun ya kira mu.

"Babu komai a jikinsa," in ji shi.

"Alhamdu lillahi," na ce. "Kwana tara ke nan yana fama."

"To ai matsalar ke nan, Malam. Shirin na masu sha ne. Duba sakin layi na uku: sai gwaji ya nuna."

"Ɗan'uwa, shekara biyu yana sha."

"Takarda ba ta san shekara biyu ba. Yau ta sani."

Magini ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa. "To yanzu in na fita na haɗiyi biyu na dawo fa?"

Akawu ya ɗaga kai yana kallon fanka. "Ni dai ban ce ba. Amma ƙarfe huɗu muke tashi."

Shekara ashirin da shida ina koyarwa, ban taɓa gaya wa yaron da ya koyi baƙaƙe da kansa ya je ya manta sannan ya zo in koya masa ba. Amma ni malamin firamare ne, ilimina bai kai sakin layi na uku ba.

Daidai tsallaken titi, ido da ido da ƙofar cibiyar, akwai kantin magani. Magini ya tsaya yana kallonsa, hannunsa ya shiga aljihu. Na kama hannun rigarsa kamar yadda nake kama 'yan aji ɗaya in za mu tsallaka hanya. Muna nan tsaye sai ga wata nas, dattijuwa, ta biyo mu da sauri.

"Ƙanena, kada ka yarda," ta ce. "Jikinka ya manta da adadin da ka saba. In ka sha shi yau, ba nan za a kawo ka ba, sai makabarta. Ranar Alhamis ƙarfe goma ka zo ɗakin ajiye tsintsiya na baya. Mu takwas ne, muna zama mu yi magana, likita yana leƙowa. Babu fom, don manya ba su san da mu ba."

Ya cire hannu daga aljihu. Muka hau mota.

Da yamma maƙwabcina tela ya kira ni, rediyonsa a kan keken ɗinki. "Malam, zo ka ji alheri. Mai Girma ya ce mutum sittin da biyu sun warke a cibiyarsa, kowannensu a ranar da ya zo."

"Har da surukina."

"Ka ga aiki. Ni ɗinkin wando ma sai ya kwana uku a hannuna."

Yau kwanan Magini goma sha shida bai sha ba. Ya je ɗakin tsintsiya sau ɗaya, ya dawo ya ci abinci har ya nemi ƙari. Har yanzu in ya wuce kantin magani yakan sauya gefen titi.

Jiya kuma aka kawo masa katin gayyata mai ruwan zinariya. Mai Girma zai ɗauki hoto da waɗanda ya warkar, ranar Alhamis, ƙarfe goma. Magini ya juya katin gaba da baya, ya miƙo mini, ya ce yana da wurin zuwa a lokacin.

Saboda haka ni zan je a madadinsa, har yayarsa ta goge mini riga. In sun yi gardama, a kawo kwalbar fitsari a gwada ni. Na tabbata za a tarar ni ma Mai Girma ya warkar da ni.