Yadda Nomau Ya Haɗa wa Haladu Gem

Duk wanda ya taɓa sauka a ƙauyen Dinya Biyu ya san gidan Inna Kande, ko don ɗanta Nomau. 'Ya'yanta uku ne. Babbar ita ce Tasalla, ma'aikaciyar jinya a birni. Autan shi ne Haladu, ɗan acaɓa, sarkin surutu, wanda ba a taɓa cin sa ƙwallo a gidan gem ba, wato inda samari ke buga wasa a talabijin. Na tsakiya kuwa Nomau, ƙato mai shekara talatin da 'yan kai, ga ƙarfi ga ladabi, ba ya ƙarya ba ya gardama. Aibinsa ɗaya ne, amma fa ya ishi gida: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Inna ta taɓa cewa ya duba mata wake a kan wuta ta je barka. Da ta dawo ta tarar da shi tsugune ya ƙura wa tukunya ido, wake ya zama gawayi. Ya ce, "Wallahi Inna ko ƙiftawa ban yi ba."

Ana nan sai Haladu ya faɗi da babur a hanyar kasuwa, cinyarsa ta karye. Aka yi masa aiki aka sa ƙarfe, ƙashi ya haɗe lafiya lau. Likita ya ce saura abu ɗaya, ya tashi ya riƙa takawa. In wata ya ƙare bai fara ba gwiwar za ta sanƙare, in kuwa ta sanƙare, to sai dai sanda har tsufa. Haladu ya gwada sau ɗaya, zafi ya kayar da shi a gaban abokansa. Tun daga ranar ya toshe tagarsa da tsumma, ya juya fuska bango. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Ina!

Sai Tasalla ta zo da dabara. Ta sauka da akwatin gem, da ƙaramin talabijin, da wani ɗan farin akwati mai fitilu da ake kira wayifai, wanda ke jawo intanet ya raba wa kayan gida ba sai an ja waya ba. Sola kuwa dama akwai ta a gidan. Ta ce in aka haɗa akwatunan biyu, Haladu zai buga ƙwallo da amininsa Sagiru da ke Fatakwal, kowa yana ɗakinsa.

Haladu ya ja tsaki. "A wannan ƙauyen? Ranar da na buga da Sagiru daga gadon nan, ranar zan taka. Na rantse."

Ya rantse ne don ya tabbata ba za ta yiwu ba. Ya iya haɗawar sarai, amma ya ce ko yatsa ba zai sa ba. Tasalla kuma hutunta na kwana ɗaya ne, layin da ke cikin farin akwatin ba zai buɗe ba sai gobe. Dole ta bar aikin ga Nomau, za ta riƙa gaya masa komai ta wayar Inna. Saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare. Nomau ya dubi akwatunan, sannan ya dubi ƙafar ƙaninsa da ta fara ramewa.

Wata rana da safe Tasalla ta kira ta ce, "Lambar sirri tana nan a 'yar takardar da aka liƙa a gindin farin akwatin. Ka adana ta sosai, kada kowa ya gani, in ba haka ba maƙwabta su shanye mana data." Nomau ya yi tunanin yadda ake adana rubutun da ba a so ido ya gani. Ya ɓamɓare takardar ba tare da ya kalla ba, ya naɗe, ya kai wa baduku, ya tsaya a kansa ya rufe masa ido da tafin hannu har ya naɗe ta a fata, sannan aka ɗinke ta tsaf ta zama laya. Ya rataya a wuya ya dawo yana jin daɗi. Da talabijin ya nemi lambar, Tasalla ta ce ya karanto.

"Ba zan iya ba, Yaya. Tana cikin laya."

"Laya kuma? To farke ta!"

"Kin ce kada kowa ya gani."

Sai da ta yi masa rantsuwa ta janye maganarta kafin ya yarda. Aka farke, ashe basillar baduku ta huda baƙaƙe biyu. Haka Nomau ya zauna da hannun gem yana gumi, tana cankar baƙi yana dannawa, talabijin yana cewa ba ita ba ce. Kwana uku cur suka ci kafin ta karɓa.

Wata rana, da aka ga lamba ta shiga amma fitilar akwatin ja ce har yanzu, Tasalla ta ce, "Babu sabis a ɗakin nan. Sa shi a wuri mafi tsayi a gidan." Nomau ya fito tsakar gida ya auna da ido. Rumbu ya fi ɗaki, dalbejiya ta fi rumbu. Ya ɗaura akwatin a baya kamar goyo, ya hau har reshen da ke lanƙwasa da shi, ya ɗaure shi da igiyar guga. Ya wuni a gindin bishiyar da dutse a hannu saboda shaho. Da yamma Tasalla ta tambaya wace fitila ce ta kama.

"Ko ɗaya, Yaya."

"Ka jona shi da wuta kuwa?"

"Wayar wutar ba ta kai ba, na bar ta a ƙasa."

Ta ce ya sauko da shi yanzu-yanzu. Ya hau ya sauko da akwatin, rana ta gasa shi har ba ya riƙuwa. Da ya faɗa mata ta ce, "Innalillahi! Maza ka sanyaya shi kafin ya lalace."

Wata rana, wato washegarin wannan, Inna ta zo ɗiban ruwa ta ga wani ƙunshi a gindin randa. To, a Dinya Biyu hanyar sanyaya abu ɗaya ce kowa ya sani: a jiƙa buhu a naɗe, a ɗora a kan jiƙaƙƙen yashi, a riƙa yayyafi. Abin da Nomau ya yi ke nan, kuma bai yi ha'inci ba, don har da kofi ya ajiye a gefe. Inna ta warware buhun, ta ɗaga akwatin, ruwa ya riƙa ɗiga ta 'yan hujojinsa. Ta ɗora hannu a ka ta ce, "Na shiga uku ni Kande! Garin neman gira za a rasa ido." Tasalla ta ce a binne shi a busasshiyar shinkafa kwana uku, a yi ta addu'a.

Kwana ukun nan Nomau bai ci abin kirki ba. Ya kai wa Haladu tuwo, ya saci kallon gwiwar, ya ga ko motsa ta ba ya yi in zai gyara kwanciya. Haladu ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yaya Nomau, ka daina wahalar da kanka. Ni na riga na haƙura da ƙafar nan." Nomau ya fita bayan rumbu ya yi kuka kamar yaro, don ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma shi ya goya Haladu yana ƙarami. Saura kwana biyar.

Wata rana aka tono akwatin daga shinkafa, aka jona, sai ga fitilu sun kama. Inna ta yi guɗa. Amma koriyar fitilar da ake nema ɗin sai ƙyaftawa take, ta leƙo ta koma. Tasalla tana sauri za ta shiga aiki ta ce, "Wannan mai sauƙi ne. Kashe shi, ka jira, ka kunna." Nomau ya kashe. Ya shimfiɗa tabarma a gaban akwatin ya zauna. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Inna ta ce, "Me kake yi ne haka?" Ya ce, "Jira." Ita ma ba ta san kan abin ba, ta ce Allah Ya taimaka. Ya so ya kunna, wallahi ya so, yatsansa ya je kan maɓallin ya fi sau ashirin. Amma yana tsoron kada jiran bai cika ba ya sake ɓata komai. Wayar Tasalla kuwa a kashe, asibiti ya cika da masu gudawa. Sai bayan kwana biyu ta kira tana tambayar ko sun buga.

"Ina jira dai, Yaya."

"Tun shekaranjiya? Nomau, minti ɗaya nake nufi! Minti ɗaya!"

Muryarta ta karye, ya ji tana kuka. Shi ma hawaye ya zubo masa. Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Ni ba na jin abin da kuke nufi. Abin da kuka faɗa kawai nake ji."

Allah sarki. Ta share hawaye ta ce ya ɗauki akwatin da ƙaramin batir ya zagaya gidan, duk inda fitila ta zama koriya ya tsaya. Ya zagaya ɗakin Inna, da madafa, da turken awaki. Sai a zaure ta zama koriya shar, a kan wata 'yar kanta da ke kallon titi.

Wata rana, saura kwana biyu, Nomau ya tsaya tsakanin murna da tashin hankali. A zaure komai lafiya, har wayar Inna ta kama. A ɗakin Haladu kuwa, wanda bango ɗaya ne ya raba shi da zauren, gem ɗin sai ya kama ya saki. Sagiru ya kira daga Fatakwal ya ce tun safe yake zaune yana jira. Tasalla tana riƙe da mara lafiya ta ce da sauri, "Bangon ƙasar nan ne, ya cika kauri. Ka yi yadda za ka yi, kada komai ya tsaya tsakanin akwatunan nan biyu." Ita dai nufinta ya nemo doguwar waya ya zagayo da ita ta taga ya haɗa akwatunan. Amma ba ta faɗa ba, kuma kun dai san Nomau.

Bayan la'asar dattawan unguwa suna zaune a zaure kamar kullum, 'yan acaɓa abokan Haladu sun jera babura a ƙofar gida suna shan inuwa. Sai ga Nomau da diga a kafaɗa. Ya yi sallama, ya ce, "Ku ɗan matsa." Ya yi bisimilla ya kafta wa bangon. Dattawa suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya bar carbi. Aka yi ta "Kai Nomau! Kai Nomau!" amma wa zai riƙe ƙato da diga a hannu?

Daga ciki Haladu ya ji ɗaki yana girgiza, ƙasa tana zubo masa a ka. Ya ɗaga murya, muryar da aka yi wata biyu ba a ji ba.

"Yaya Nomau! Haukacewa ka yi?"

"Yaya ce ta ce."

"Za ka rusa mini ɗaki a ka!"

"Saura kaɗan, yi haƙuri."

Bakin diga ya ɓullo ta ciki, haske ya shigo. Rami ya yi girman faifai, ya yi girman tabarma. Azara ɗaya ta yi ƙara a sama, wani tubali ya faɗo dab da filo. Haladu ya kira Inna, Inna tana can bayan gida ba ta ji ba. Ya yi zagi, ya yi magiya, ya yi jifa da kwano. Nomau dai sara yake, gumi da hawaye sun haɗe masa, ba ya tunanin komai sai kwana biyun nan da suka rage.

Ya ɗaga digar zai sake kaftawa sai ya ji an riƙe ƙotar. Ya ja, aka ja. Ƙura ta lafa, sai ga Haladu a tsakiyar ramin, fari fat da ƙasa, idanu jajur, yana huci, hannu biyu a kan diga. Daga gadonsa zuwa wurin taku shida ne, kuma babu sanda, babu mai riƙe da shi.

'Yan acaɓa suka miƙe tsaye ɗaya bayan ɗaya. Inna da ta rugo ta tsaya a bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen mayafi. Haladu ya bi idanun mutane ya dubi ƙasa, ya ga ƙafafunsa biyu. Gwiwar tana karkarwa, tana masa zafi kamar wuta, amma ta lanƙwasa kuma ta ɗauke shi.

Nomau kuwa ba ƙafar yake kallo ba. Yana leƙen talabijin ta gefen kafaɗar ƙaninsa, ya dubi farin akwatin a kan kanta, ya sake duban talabijin, hankalinsa a tashe.

Ya ce, "Haladu, don Allah ka matsa. Ka tsaya a tsakani."

Haladu ya dube shi, dariya da kuka suka taso masa lokaci ɗaya. Ya saki digar, ya ɗaga ƙafar da ta karye, ya matsa.