Ranar da Aka Tallafa wa Lilon Huraira

Jiya na ɗauro buhun masara a babur zan kai Tabanni, sai na tarar an tare hanya da benci. Wai manya za su zo unguwarmu su tallafa wa bincike. Na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na jingine babur na bi sahun jama'a zuwa filin makaranta.

Bari in sa ku a hanya. Maƙwabciyata Muslimat tana da 'ya, Huraira, shekararta shida. Allah Ya yi ta da jin abu fiye da kowa. Ƙarar injin niƙa sai ta toshe kunne ta yi ta ihu, sabon yadi a jikinta kamar ƙaiƙayin gero, kitso kuwa ba a ma zancensa. An yi hayaƙi, an sha rubutu, shiru. Sai ga Malama Lydia, 'yar garinmu Kazage da ta yi boko mai zurfi, ta dawo gida tana bincike kan yadda ake sabar wa irin waɗannan yara da taɓi da ƙara da motsi, sannu a hankali. Kayan aikinta daro cike da gero, tabarma, da lilon tsohuwar taya a reshen mangwaron bayan makaranta. Wata biyar ana lilo, ran Juma'ar da ta wuce Huraira ta zauna uwarta ta yi mata kalaba biyu. Muslimat ta yi kuka, ni kuwa na ce hayaƙi ne ya shigar mini ido.

Abin da Lydia ta roƙa a takarda bai taka kara ya karya ba: ɗaki mai shiru da igiya mai ƙarfi.

Sai ga Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle, Allah Ya ja zamaninsa, da mota goma sha ɗaya, jiniya gaba, jiniya baya. Lasifika huɗu, janareta biyu, ga maroƙi. An ɗinka wa yaran da Lydia ke kula da su anko, ya sha sitaci har yana tsayuwa da kansa.

Lydia ta rusuna wa mai gabatar da taro ta ce, "Yallaɓai, don Allah a rage ƙara, yaran nan ba sa jurewa."

Ya ce, "Malama, in an rage, wa zai san an taimake ku?"

Gaskiyarsa. Har can garin Gwaska an sani.

Na waiga neman lilo, wayam. Na tambayi Obed mai gadi, ya ce, "Reshen ya tare wa allon sanarwa fuska, shi ne aka sare shi da safe." Allon ya yi kyau, ba ƙarya, ga hoton Mai Girma yana murmushi. Ɗaki da igiya kuwa, an kafa kwamiti.

Da aka zo ɗaukar hoto aka nemi Huraira. Tana ƙarƙashin tebur, ta yage ankon, ta tsefe kalabar nan biyu, hannu a kunne. Mai Girma ya leƙa ya ce, "Kunya take ji, 'yar albarka." Aka tafa. Muslimat ba ta tafa ba. Ni ma raina ya ɓaci har na manta da masarata a rana.

Yau da safe ni da Obed mun ɗaure tayar a tsamiyar bayan gidana. Lydia ta ce sai an koma farko. Huraira ta tsaya daga nesa tana kallon lilon. Ba ta hau ba, amma ba ta gudu ba.

Don girman Allah, mai karatu, in an tambaye ka inda tsamiyar take, ka ce ba ka sani ba. Kada a zo a sake tallafa mana.