Yadda Za Ka Gama Hutu A Cibiyar Manufofi Ba Ka Ce Eh Ko A'a Ba

Kai ɗalibin digirin digirgir, barka da samun gurbi. An ɗauke ka zaman dogon hutu a cibiyar nazarin manufofin gwamnati, an rataya maka kati a wuya, an ba ka tebur kusa da taga. To, kada murna ta rufe maka ido, mutanen nan ba don kyawunka suka kira ka ba. So suke su tambaye ka abu ka ce musu eh ko a'a, da bakinka, a gaban shaidu. Shekara nawa ka yi a jami'a kana koyon kauce wa wannan? Bi matakan nan daki-daki, mun yi maka alkawari za ka fito fes, ba mahalukin da zai iya cewa ga abin da ka taɓa faɗa.

Abin koyinmu wani gwani ne da abokan karatunsa ke kira Ya-Danganta, don ko ruwa ka miƙa masa ka ce zai sha, amsar ke nan. Aiki ɗaya aka ba shi. Hukumar sufuri na son soke bas ɗin sassafe mai zuwa unguwar ƙarshen gari, wai ba ta da fasinja, aka ce cibiya ta duba ta ce a soke ko a bari. Inda gizo ke saƙar shi ne, yayarsa da ta riƙe shi tun yana ƙarami malamar firamare ce a can ƙarshen layin, kuma bas ɗin nan ita ce ƙafarta. In aka soke, ba abin da zai kai ta aji kafin a buga ƙararrawa.

Mataki na ɗaya: Shiga da kaya

Kada ka kuskura ka je hannu rabbana. Ya-Danganta ya isa da jaka a baya, jaka a kafaɗa, ya jera littattafai a gaban teburinsa har sai wanda ya yi ɗage ke ganin hularsa. Ba sai ka karanta su ba. Amfaninsu shi ne duk wanda ya taho da tambaya ya ga ganuwa, ya ji nauyi, ya koma.

Ka kuma gane maƙiyinka tun ranar farko. A can, shugabar sashe ce, mace mai tabarau a kan hanci da tarin fayil a hammata, wadda ma'aikata ke kira A-Gajarce a bayan idonta. Ta tsaya a kansa ko zama ba ta yi ba, ta ce, "Malam, shafi ɗaya nake so. Shawara ɗaya. Wanda zai karanta a cikin mota zai karanta."

Ya ce, "To, ranki ya daɗe." A ransa kuwa ya yi mata uzuri. Shi da sadaukarwar kundinsa kaɗai ta ci shafi uku.

Mataki na biyu: In ka ci karo da amsa, kada ka kai ta gida

Wani lokaci tsautsayi kan sa amsa ta faɗo maka tun ba a je ko'ina ba. Haka ta faru da gwaninmu. Yana buɗe alƙaluman da hukuma ta aiko, sai ya ga an ƙirga fasinjojin ne a tsakiyar dogon hutun bara, makarantu a rufe, malamai da ɗalibai duk suna gida. Ina bas za ta samu mutane? Shi kansa ya san yadda take cika lokacin karatu, har ana rataye a ƙofa.

A nan ya yi kuskurensa guda, kuma mun kawo shi ne don ka kiyaye. Da yamma ya biya gidan Yaya, ya same ta tana gugar kayan 'ya'yanta, daɗin hira ya kwashe shi ya faɗa mata.

Ta dire dutsen guga. "Alhamdu lillahi! To gobe sai ka je ka gaya musu."

"Yaya, ba haka ake yi ba. Sai an tabbatar."

"A tabbatar da me? Ni ba a ciki nake tafiya ba kullum?"

"Ke mutum ɗaya ce. A ilimance, mutum ɗaya ba hujja ba ne."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Lokacin da mutum ɗayan nan take goya ka zuwa asibiti, hujja ce ai. Auta, ka buɗe baki ka yi magana. Shugaban makarantarmu ba ya jin uzurin makara, ka sani."

Ya sani. Tausayinta ya kama shi sosai, ya yi mata alkawari zai rubuta. Lura da kyau, rubutawa ya ce, bai ce zai faɗa ba. Gwani ko a ruɗe yake ba ya rasa ƙofar fita.

Mataki na uku: Koma tushe

Kafin ka taɓa tambayar da aka yi maka, sai ka bi duk abin da magabata suka rubuta a kanta. Wane ne fasinja? Wanda ya shiga ne, ko har wanda ya yi niyya bas ta wuce shi? Me ake nufi da sassafe? Ya-Danganta ya gano masana sun rabu gida huɗu a kan wannan, ya bi kowane gida ya gaishe su. Rabin hutu ya tafi a nan, kuma ba wanda ya isa ya ce yana wasa, don kullum shi ne ƙarshen tashi daga ofis.

Mataki na huɗu: Tambaya ɗaya, mayar da uku

Za a tare ka a hanya, babu makawa. Shi a wajen tulun shayi A-Gajarce ta ritsa shi, kofi a hannu, ba wurin gudu.

"Malam, bas ɗin nan. Akwai abin da zai hana a soke ta?"

Ga dama ta samu a ɓagas. Jimla ɗaya ce, har ta hau kan harshensa. Amma sai ya hango kansa a gaban malaman jami'a suna tambayarsa a wace mujalla ya gani. Ya gyara murya ya ce, "Ranki ya daɗe, hanawa ta wace fuska? Ta tattalin arziki, ko ta zamantakewa? Kuma a gajeren zango ko a dogo?"

Ta ce, "Ta fuskar bas."

"Alƙaluman dai suna da wasu iyakoki masu nasaba da yanayin lokacin tattara su."

Ka ji aiki! Gaskiya ya faɗa tsantsa, amma ya naɗe ta yadda ko uwarta ba za ta gane ta ba. A-Gajarce, da wasu ayyuka goma ke jiranta, ta ce, "Duk alƙaluma haka suke. Ka sa a shafin." Ta wuce.

Mataki na biyar: Shafi ɗaya na malalata ne

Ya zauna zai rubuta shafi ɗaya, ya tashi da saba'in da wani abu. Ya cika alkawarin Yaya kuwa, don maganar ƙirga a lokacin hutu tana ciki. Tana can wajen shafi na hamsin, a ɗan ƙaramin rubutun nan na gindin shafi da sai an kanne ido ake karantawa, kuma ta fara da "mai yiwuwa ne a iya cewa".

Da dai zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya kira Farfesan da ke duba kundinsa ya karanta masa. Farfesa ya ce, "Ka yi gaggawa. Sa 'wataƙila' kafin 'mai yiwuwa'." Ya sa.

A shafin farko, wanda shi kaɗai za a karanta a mota, ya rubuta cewa batun yana da sarƙaƙiya kuma ana buƙatar ƙarin bincike. Haddace wannan jimla. Ta ciyar da masana da yawa, ba ta taɓa sa an kama kowa ba.

Mataki na shida: Ranar gabatarwa, riƙe wuta

Wannan ce ranar da ƙananan ɗalibai ke zubar da mutuncinsu. Ɗakin taro da sanyi kamar cikin firji, dogon tebur, ga wakilin hukumar sufuri ya zo da makullin mota a hannu yana kaɗawa. Tun da safe Yaya ta kira ta ce, "Auta, yau ce ko? Allah ya ba ka sa'a. Ka daure ka faɗa da ƙarfi."

Ya kunna majigi. Ya fara da tarihin sufuri. Yana cikin gida na biyu na masana, wakilin ya ɗaga hannu.

"Malam, ka yi haƙuri, ina da wani taron. A soke ko a bari?"

A-Gajarce ta sauke tabarau ta zuba masa ido. Duk sanyin nan gumi ya karyo wa Ya-Danganta, don ya san amsar sarai, kuma yana son yayarsa har cikin ransa. Ya ga fuskarta a bakin titi da jakar littattafan yara. Ya buɗe baki, mu kanmu a nan mun fid da rai da shi. Sai horon shekara da shekaru ya kawo masa ɗauki.

"To... ya danganta."

"Wato ba ku da ja," in ji wakilin. Ya rubuta wani abu gajere, ya miƙe, ya gode wa cibiya bisa wannan gagarumin aiki. Rahoton kuwa ya ɗauka ya jinjina nauyinsa, ya ce lallai an sha wahala, ya bar shi a kan tebur.

Mataki na bakwai: Karɓi yabo, ka koma makaranta

An yi ɗan biki, aka ba shi takardar shaida mai cewa ya nuna zurfin tunani. Farfesa ya ce za a iya fitar da maƙala biyu daga aikin. Hutu ya ƙare lafiya, ba wanda ya riƙe shi da kalma ɗaya. Iyakar alkawarinmu ke nan, kuma ka ga mun cika.

Abin da ya biyo baya ba ya cikin darasi, amma ga shi. Ranar da aka koma makaranta, gari bai gama wayewa ba, ya ji ana dukan ƙofar ɗakinsa kamar za a ɓalle ta. Ya buɗe yana mutsuttsuke ido. Yaya ce, ta yi shirin aiki tsaf, jaka a kafaɗa, a bayanta ga wasu malamai mata biyu abokan aikinta.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Sun soke." Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. "Na je tasha na ga sanarwa. Wai sun yi shawara da masana."

"Wallahi na rubuta, Yaya. Yana shafi na..."

"Na yarda. Fito da babur ɗinka."

Ya dubi tsohon babur ɗinsa da ke jingine a bango, ya dubi mata uku. "Ai ba zai ɗauke ku duka ba."

"Sawu uku za ka yi. Ni ce farko, ajina ne na farkon shiga." Ta miƙa masa hular kwano. "Ka yi sauri, Dakta. Daga yau kai ne bas ɗin."

Gargaɗi: Masu wannan jagora sun yi alkawarin fitar da kai daga cibiya ne kawai ba tare da ra'ayi ba. Ba ruwansu da man babur, ciwon baya, tashin asuba, ko kundin digirin da ya tsaya cak saboda mai shi yana kan hanyar ƙarshen gari. Wanda ke da yaya a ƙarshen layi, ya bi matakan nan da sanin kansa. In kuma ka zo ka tambaye mu ko mu muka ba ka wannan shawara, ba mu ce eh ba, ba mu ce a'a ba.