Yadda Na Saka Surukina Cikin Littafin Lakwal

Daga Madawa har Keita ba a haifi mai zane kamata ba. Shi ya sa da aka ba ni aikin zana ɗan tsohon da zai riƙa yi wa yaran lakwal, wato makarantar boko, jagora cikin littafin fasaha, ban shawarci kowa ba. Daga kaina na ƙago shi: kunnuwa kamar faifai, haƙori ɗaya tal, hula a karkace, yana nuna ordinatar, wato kwamfuta, da sanda.

Ran da aka kai littafin gwaji lakwal ta garin Bangi, aji ya kaure da ihu: "Alhaji Idi! Alhaji Idi!"

Uban matata ke nan. Wallahi har tabon goshin.

Matata ta daina yi mini magana, ta shiga ɗaure kaya. Na tafi ban haƙuri, na tuɓe takalma tun daga nesa, na durƙusa. Allah ya saka wa tsohon nan da alheri: dariya ya yi har da hawaye, ya aika wa ɗiyarsa ta kwance kayanta.

Amma har yau in na je gaisuwa sai ya ce wa mutanen zaure: "Ku gane shi nan. Shekara ashirin shina sadda kai gabana, ashe ƙare min kallo shika yi."