Ranar da Na Wanke Wa Sagir Allonsa

Shekarar da ɗana Sagir zai zauna jarrabawar manyan akantoci, wadda ake tambaya a kan sarrafa kuɗin kamfanoni, ya baro Kano ya dawo ƙauyenmu kusa da Minjibir don ya yi karatu a natse. Ya jingina wani farin allo a zaure, ya kwashe makonni yana cika shi da ƙa'idojin lissafi. Kullum kukansa ɗaya: "Baba, abin nan ya ƙi shiga kaina."

Ni kuwa na yi makarantar allo, na san yadda ake shigar da karatu cikin mutum. Ana jibi jarrabawa ya tafi aski. Na ɗauko ƙwarya da auduga, na wanke allon nan tas, ban bar ko ɗigo ba. Har zuma na zuba.

Da ya dawo, ya tsaya yana kallon allon kamar an yi masa rasuwa.

"Baba, ina aikina?"

Na miƙa masa ƙwaryar ina murmushi. "Ga shi nan duka. Yi bisimilla ka shanye."

Mahaifiyarsa ta leƙo, ta ga baƙin ruwan, ta rafka salati. "Malam, wannan ko akuya ba za ta sha ba!"

Bai sha ba, kuma ya faɗi jarrabawar. Sai a zama na biyu ya ci, a Kano, nesa da ni.

Har gobe, duk yaron da karatu ya gagara a ƙauyen nan, 'yan majalisarmu cewa suke, "A kai wa Malam littafinsa ya dama masa."