Ranar da Na Shiga Filin Kurket da Babbar Riga

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Alƙahira ba, don har yau in wani abu ya taso mini ta sama, ko lemo ne aka jefo, sai in rufe ido in kauce.

Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a, ina zaune a unguwar Hayyin Ashir. Karatun addini ya kai ni, amma a ƙarƙashin littattafan fiƙihu akwai na soyayya da na taho da su daga Kano, kuma su na fi haddacewa. Sai Allah ya haɗa ni da Hadiza, wata ɗaliba 'yar Katsina. (Na ce ya haɗa mu, amma gaisuwa ce kawai a bakin shago, sauran duk a cikin kaina aka yi.) Mai faɗa a ji a kanta shi ne wanta, Yaya Bashir. In bai yarda da kai ba, khalas, magana ta ƙare, ko sallama ba za ka yi mata ba.

Shi kuwa Yaya Bashir gida ɗaya yake da ɗaliban Pakistan, har sun sa masa son kurket. Wasa ne da wani zai sheƙo da gudu ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da faffaɗan katako yana kare 'yan sanduna uku da ke bayansa. In sandunan suka zube, an fitar da shi. Don in shiga ran Yaya Bashir na riƙa zuwa gidansu kallo a talabijin, ina gyaɗa kai kamar na gane.

Ran nan masu bugun ƙasarsu suka yi ta zubewa, kafin shayi ya huce an fitar da rabinsu. Nu'uman, babba a cikin ɗaliban, ya dafe kai kamar an yi masa rasuwa. Ɗakin ya yi tsit, ni kuma bakina ya ga fili. Cikin Larabcina mafi tsada na ce musu matsalar ba ta hannu ba ce, ta zuciya ce: 'yan wasanku tsoron ƙwallo suke, suna ja da baya. A koya musu kafa ƙafa, su zuba mata ido, su daina gaggawa. Na ƙara da cewa a makarantarmu ni ake nema in wasa ya cije. (Makarantarmu ko ragar ƙwallon ƙafa ba ta da ita.)

Yaya Bashir ya dube ni da wani girmamawa da ban taɓa gani ba. "Ashe Ustaz na gida ne. Juma'a bayan la'asar ka zo ka nuna mana. Su Hadiza ma za su kawo zoɓo."

Kafin in tashi, Nu'uman ya miƙo mini ƙwallon da ke ajiye a kan talabijin. Jama'a, dutse ne aka ɗinka wa fata. Ya nuna mini haƙorinsa na gaba da ta ɓalle, yana dariya. Daga ranar abinci ya daina wuce mini. A aji malami na bayanin gado, ni ina lissafin wanda zai gaji littattafaina. Na yi addu'ar ruwan sama, a Masar, da rani.

Amma a littattafan da na karanta, saurayi ba ya bayyana gaban budurwa sai cikin shadda da turare. Don haka na ciro babbar rigar Sallata, ta sha sitati, na kafa hula. Na isa filin, wani kangon wuri bayan gidaje, na tarar kowa da wandon wasa. Yaya Bashir ya ce ko zan tuɓe rigar, na ce a haka na saba. Hadiza na zaune a inuwa da ƙawayenta, in tuɓe in zama wa?

Aka ba ni katakon. Na tsaya gaban sandunan. Nu'uman ya ja baya, ya taso. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Da ya ɗaga hannu ban ga ƙwallo ba, haƙorin nan nasa na gani. Na rufe ido, na yar da katako, na juya da ihun sunan innata. Hannun babbar riga ya buɗe kamar fiffike ya share sandunan duka, na taka gefenta na kife a ƙasa.

Ina kwance ƙwallon ta gangaro a hankali ta tsaya kusa da hancina. Ta tanis ce, an naɗe ta da salatif. Ashe da ita suke wasa, waccan ta ado ce.

Ba wanda ya yi dariya da farko, kuma wannan ya fi ciwo. Nu'uman ya ce ma'alish, wato ba komai, bai taɓa ganin wanda rigarsa ta fitar da shi ba. Hadiza ta kawo mini zoɓo, kafaɗunta na rawa don dariyar da take dannewa, rabi ya zube a hanya.

Na yi makonni ina sauya titi in na hango Yaya Bashir, har ya ritsa ni a masallaci. Ya ce ya san abin da ke kai ni gidansu tun farko, kuma ya yi wa Hadiza maganar. "Ta ce in tambaye ka, Ustaz: in ɓera ya shigo ɗaki, wa zai tsaya a gaba?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ita, Yaya."

Ya ce wannan ce gaskiya ta farko da ya ji daga bakina, in turo manya.

Abin da na koya shi ne, jarumtar da aka yi a kan kujera ana riƙe da kofin shayi, a bar ta a kan kujerar. Yanzu in ana kallon wasa aka tambayi ra'ayina, sai in ce Allah ya ba mai rabo sa'a, in matsa bayan Hadiza.