Rasuwar Ma'aunin Ruwa Na Kan Gada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta kwanta ba, nake sanar da abokan aiki da masunta rasuwar Ma'aunin Ruwa, wanda ya yi rayuwarsa a ƙarshen gadar jiragen ruwa yana auna tashin teku da saukarsa. Ni ce mai kula da shi, ni kuma na iske shi a sandare.

Marigayi mai gaskiya ne, har ta yi masa yawa. Tauraron ɗan Adam kan wuce ta samanmu ya aiko da sigina, ta bugi ruwa ta koma, a lissafa tsayin teku. A tsakiyar teku aikinsa ba laifi. Amma da ya matso gaɓa sai ya rikice, ya haɗa ruwa da yashi da kwanon rufin kasuwar kifi duk ya auna. Marigayi ne ke gyara masa, ba gori, ba ɗaga murya, sai "ƙit, ƙit" ɗinsa da muka saba ji.

Ya bar 'ya'ya biyu, batir da farantin hasken rana, dukansu garau. Ya bar tsuntsayen da suka mai da kansa makewayi bai taɓa kai ƙara ba. Ya bar unguwar bayan ofishinmu, inda mahaifiyata ke zaune, wadda ke jiran rahotonmu na ƙarshen wata kafin a yanke ko za a gina mata katangar tare ruwa.

An ce gajeriyar rashin lafiya ce. To, mun ji. Ni dai ranar da na rabu da shi ko tari bai yi ba. Mataimakin shugaban ofishinmu ya ce gishirin teku ne ya ci wayarsa ta lantarki. Na daɗe a bakin teku, ban taɓa ganin gishirin da ke yanka waya tsaf kamar da almakashi ba, har ya mai da murfin akwati ya ɗaure.

Ban kama sunan kowa ba. Sai dai kowa ya san marigayi ba ya ga-maciji da sabon lissafin da Mataimaki ya ƙirƙiro don gyara awon tauraro. Lissafin ya ce teku na nan inda yake, katanga ɓarnar siminti ce. Marigayi ya ce ƙarya ne, ruwa na hawa. Yanzu mai musun ya tafi, kuma Mataimaki ne ya fara zuwa mini gaisuwa tun kafin in faɗa wa kowa. Har ya nemi a ba shi gawar ya adana a ofishinsa. Allah ya saka, na ƙi.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Idan rahoton ya fita ba shaidar marigayi, ba katanga.

Ba za a rufe shi ba sai mai gyara daga waje ya duba wayar a gaban idona. Bayan nan za a kai shi ɗakin ajiya, a kwantar kusa da tsohon injin buga takardu. Zaman makoki a gidan mahaifiyata ne, da yamma, lokacin cikar teku. An tanadar wa Mataimaki tabarma a tsakar gida. Sauran jama'a su naɗe ƙafar wando. Shi ba sai ya naɗe ba, tunda a lissafinsa wurin a bushe yake.